Salmanu Injiniya da Ruwan Salansa

Wata uku kacal Salmanu ya yi a Duwala, amma in ka zauna kusa da shi a teburin mai shayi sai ka rantse shi ya haƙa musu teku. Rakiyar shanu ce ta kai shi can, abin da ya tsayar da shi kuwa wani gareji ne inda aka ba shi tsintsiya. Ya dawo Garwa da shuɗiyar rigar makanikai wadda ta yi masa yawa, da safana guda ɗaya mai lamba goma sha uku, da kalmomin Faransanci da ba su cika ashirin ba. Tun daga ranar ya hana kowa a unguwarsu ta Rumde Ajiya ya kira shi Salmanu zalla, sai an haɗa da Injiniya.

Aikinsa na gaskiya wankin kayan ciki ne a mayanka, a ƙarƙashin surukinsa Baba Idrisa, ɗaya daga cikin manyan mahautan garin a zamanin Shugaba Ahijo. A faɗi gaskiya, wajen wanke tumbi babu na biyunsa, in ya wanke sai ka ce farin tawul. Amma in kana son faɗa da shi, yaba masa a kan wannan. Shi dai burinsa ɗaya ne a duniya, ya bar bakin kwatami ya zauna a bayan sitiyari.

Baba Idrisa yana da farar Fijo mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mutanen Garwa ke kira bashe. Da ita yake kai nama kasuwa kowace safiya shekara shida, kuma bai taɓa barin wani ya riƙe mabuɗinta ba. Da Allah ya nufe shi da tafiya Makka, ana gobe zai tashi, sai ya aika aka kira Salmanu. Salmanu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Ga mabuɗi," in ji Baba Idrisa. "Ban ce ka tuƙa ba. Ban ce ka buɗe ba. Kullum da safe ka tayar da ita, ta yi minti biyar, ka kashe, don kada batir ya mutu. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"In na dawo na same ta yadda na bar ta, ka gama da wankin tumbi. Kai za ka riƙa kai nama kasuwa."

"Baba, ai mu da muka yi Duwala..."

"Minti biyar, Salmanu."

Kwana uku ya yi yana bin umarni, a na huɗu hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga tsohuwar salansa duk tsatsa, an ɗaure ta da waya. Nan take dabara ta faɗo masa. Yadda na bar ta, in ji tsoho? Ai wannan aikin mai gadi ne. Injiniya zai mayar da ita ta fi yadda aka bar ta, ranar taryen alhazai shi ne a gaba, salansa na ruri, duk Garwa ta fito kallo.

A tashar manyan motoci ya samu wani direba da ya shigo daga Najeriya da sabuwar salansa mai ƙyalli, bakinta buɗe kamar kakaki. Salmanu ya ba da rediyonsa ya karɓe ta. Tsohuwar kuwa ya kyautar wa maƙeri, wanda bai kwana ba sai da ya yanyanka ta ya yi matattarar gawayi da ludaya. Yini guda ya yi a ƙarƙashin mota yana zagin kusoshi da Faransanci, kuma don kada a zalunce shi, salansar ta ɗauru.

Washegari da safe, ana ɗan sanyin nan na ƙarshen shekara, ya tara 'yan kallo a rumfar ƙofar gidan Baba Idrisa. Akwai Lukmanu mai shayi, wanda teburinsa ke daidai bayan motar, mutum ne da bakinsa ba ya hutu. Akwai Dela, tsohuwa mai tuyar masa da sayar da kayan miya. Matarsa Hansai, 'yar Baba Idrisa, ta kawo masa koko a kwano ta tsaya daga gefe. Salmanu ya murɗa mabuɗi, mota ta yi wani gurnani da ya tashi kajin unguwa.

"Wala!" ya ce da Faransancinsa, ya fito yana buɗe hannuwa. "Kun ji murya? Haka motocin ministoci ke yi a Yawunde."

"Murya kam ta yi," in ji Lukmanu. "Amma ministan naka fitsari yake yi."

Salmanu ya zagaya baya. Ga ruwa nan yana ɗiga daga bakin sabuwar salansa, ɗis, ɗis, ɗis, har ya jiƙa ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Bai bari fuskarsa ta nuna komai ba. Ya tsuguna, ya tara yatsa, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar biki.

"Da gishiri ko a ƙara?" in ji Lukmanu.

Hansai ta matso ta leƙa. "Malam, wannan ai kamar murfin tukunya ne. In tururi ya bugi ƙarfe mai sanyi, dole ya koma ruwa. Ka bar ta ta yi zafi ka gani."

"Ke Hansai, mota ce wannan, ba tukunyar dambu ba. Na taɓa shigo miki madafi na ce ga yadda ake tuƙa tuwo?"

"Sau biyu. Duka biyun da yunwa muka kwana."

Ana cikin haka sai ga Léon a kan babur ɗinsa zai tafi aiki. Léon mutumin Kaele ne, shi ke da garejin da ke bayan kasuwa, kuma shi ke duba motar Baba Idrisa tun tana sabuwa. Ya tsaya ya dire ƙafa, ya dubi ruwan, ya dubi salansar.

"Jam na, lafiya dai, Misye Salmanu? Wannan ba wani abu ba ne, ai kawai..."

Salmanu ya ɗaga hannu ya tare shi. "Dakata, Léon. Wanda ya koya a Kaele ne zai duba aikin wanda ya koya a Duwala? Na riga na gano. Lagireto ne ya fashe ta ciki, ruwa ke bi ta hanji yana fita ta baya."

Léon ya gyara zama a kan babur. "Bon, shi ke nan," ya ce. "Ka san inda gareji yake." Ya tayar da babur ya wuce.

Minti biyar sun cika, Salmanu ya kashe mota, don shi mutum ne mai riƙe amana. Amma ranar bai iya zama ba. Bini-bini sai ya dawo ya tayar da ita minti ɗaya ya ga ko ta daina, ya tarar tana ɗiga, ya kashe da sauri. Sai ta huce ya sake dawowa. Kafin la'asar ya yi haka sau tara, kuma kowane karo ruwan sai ya fi na baya.

"Ciwon na gaba," ya gaya wa Lukmanu. "Gobe zan yi mata aiki."

Aikin shi ne garin kuka. Ya ce a hanyar Duwala duk direban da lagiretonsa ya huje, kuka yake zubawa, yauƙin ya bi ya toshe hujin. Dela ta ce ita ma ta taɓa ji, amma cokali ɗaya aka ce mata.

"Cokali ɗaya na ƙaramar mota ne, Iya. Wannan bashe ce. Auno mini gwangwani uku."

"Ɗan nan, gwangwani uku ai miyar gidan suna ce."

Ya ɗura kukar duka, ya cika ruwa, ya rufe murfi. Ya ce yau dole a saɓa wa minti biyar don magani ya dahu. Mota ta yi minti goma tana ruri, ta yi ashirin, salansa ta yi zafi. Sai ɗigar ta fara ja baya, can ta tsaya cak, bakin salansa ya bushe ƙayau.

Hansai ta ce, "To, ba ga shi ba, da ta yi zafi..."

Ba wanda ya ji ta, don Salmanu ya riga ya haye bencin Lukmanu. "Jama'a ku shaida! Ina Léon? A kira shi ya zo ya ɗauki darasi kyauta! Wannan aikin a Duwala sai an kira Bature daga Faransa, ni kuwa da kukar Iya Dela na gama shi!"

Mutane suka fara taruwa, masu zuwa kasuwa suka ajiye kaya. Salmanu ya sauko ya ɗaga murfin gaban mota don ya nuna musu wurin da ya yi aikin. Daidai nan robar lagireto ta gaji da haƙuri, ta ɓalle. Koriyar miya ta yi tsiri sama da tururi, ta sauko kan gilashi, kan rumfa, kan shuɗiyar riga. Allah ya taimake shi ya yi tsalle baya, zafin bai same shi a fuska ba, amma daga wuya zuwa gwiwa yauƙi ne ke zarya. Ya taka zai gudu, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas.

"Saura daddawa," in ji Dela.

"A kawo tuwo, jama'a, kada ta huce," in ji Lukmanu.

Salmanu ya miƙe yana share kuka daga gemu. "Dattin ciki ne ya fito. Haka ake so."

Ya yini yana wanke mota, ya ɗaure robar da waya, ya kwana da murnar ko ba komai ɗiga ta tsaya. Da gari ya waye ya murɗa mabuɗi, ya zagaya baya yana fito. Ɗis, ɗis, ɗis.

Wannan karon bai ɗanɗana ba. Ya tsaya ya yi tunani irin na manya, hannu a haɓa. Abin da ya fito masa shi ne, tun da ta baki ruwan ke fita, a rufe bakin. Ya sayi rake, ya yanko gaɓa mai kauri, ya naɗe ta da tsumma, ya cusa a salansa, ya bi da dutse ya daddanna.

Lukmanu ya daina firfita gawayi. "Injiniya, bakin nan fa teburina yake kallo."

"Kai dai yi shayinka. A Duwala da abarba ake yi."

Ya shiga ya murɗa. Mota ta yi tari, ta shaƙe, ta yi rawar ɗari. Ya danna totur har ƙasa. Ƙarar da ta biyo baya sai da liman ya fito daga masallaci ba takalmi. Raken ya fita kamar an harba bindiga, ya rushe gwangwanayen madarar da Lukmanu ya jera kamar bene, ya kifar da butar shayi, ya ƙarasa cikin kaskon masar Dela. Ruwan da ya taru a bayansa, baƙi ƙirin da hayaƙi, ya fesu a farar rigar Lukmanu daga ƙirji zuwa ciki.

"Wayyo kaskona!" in ji Dela.

"Ka kashe ni, Salmanu!" Lukmanu ya dafe ƙirji yana duba ko jini ne.

Salmanu bai ko ba da haƙuri ba. Ya kama rigar Lukmanu ya ja ta kusa da idonsa, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir.

"Kun ga launin? Baƙi! Ashe ba lagireto ba ne. Baƙin mai ne ke haɗuwa da ruwa. Gaskit ya ƙone."

"Sakar mini riga, ɗan banza, hayaƙi ne!"

Hansai ta ja shi gefe, ta rage murya, don abin ya daina ba ta dariya. "Malam, don girman Allah ka tsaya haka. Baba ya ce kada ka buɗe. Ka kira Léon tun ana iya rufa asiri. Ni ma na gaji da warin tumbi a kayan wanki, kada ka zubar mana da wannan damar."

Maganar ta taɓa shi. Sai ya hango mutane na kallonsa, ya tuna abin da ya faɗa a kan benci jiya.

"In na je wurin Léon yau, gobe wa zai ce mini Injiniya? Kawo mini kwanoninki na jere, manya da ƙanana."

To, a nan ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Rumde Ajiya. Salmanu ya aro safanu wurin mai facin keke, ya haɗa da tasa mai lamba goma sha uku, inda suka ƙi kamawa ya sa kurfi da guduma. Da yake fiɗa ce kaɗai ya taɓa ganin an yi daga farko har ƙarshe, sai ya feɗe injin yadda ake feɗe sa. Ya fara cire kai ya ajiye gefe. Ya zaro wayoyi da robobi ya tara a daro guda, ya ce hanji ke nan. Kafireta ta tafi kwano ɗaya a matsayin zuciya, fanka da lagireto suka zama huhu. Kusoshi kuwa, manya da ƙanana, dogaye da gajeru, ya watsa su a tasa ɗaya kamar tsire, tun da duk kusa kusa ce.

Mahauta abokan aikinsa suka taso daga mayanka suka kewaye shi suna ba da shawara.

"Injiniya, ka cire matsarmama a hankali, kada ta fashe ta ɓata naman."

"A ware mini ƙafa huɗu, maigidana na son farfesu."

Da ya kai ga gaskit ɗin, ya ɓanɓaro shi da wuƙar fiɗa, ya fito gida uku. Ya ɗaga sama.

"Kun gani? A yage yake!"

"Yanzu kam a yage yake," in ji Lukmanu.

Sannan ya dubi kayan da ke cikin kwanoni, duk maiƙo da baƙi, zuciyarsa ta mai wankin tumbi ta ƙi yarda. Ya ɗebo ruwa, ya jiƙa kanwa, ya matse lemun tsami, ya zauna ya dirje kowane ƙarfe da soso, ciki da waje, har da abin da ke raba wuta da wayoyinsa. Ya ɗauraye sau uku yadda aka koya masa, ya shanya a tabarma. Kowa ya yarda ba a taɓa ganin injin mai tsabta haka ba. Bayan kwana biyu duk suka yi ja da tsatsa.

Yana tsugune yana kankare tsatsar da toka, ran Alhamis da hantsi, sai Lukmanu ya leƙo yana kurɓar shayi a hankali.

"Injiniya, ka shirya dai ko?"

"Shirin me? Saura kwana takwas su dawo."

"Au, ba ka ji rediyo ba? An sanar tun shekaranjiya, jirgin su Baba Idrisa gobe da safe zai sauka." Ya sake kurɓa. "Af, na manta. Rediyonka na nan a ɗaure ƙarƙashin mota."

Salmanu ya saki ƙarfen da yake kankarewa. Ya dubi daro, ya dubi tasa, ya dubi ramin da ke gaban mota inda injin yake a da. Tsoro ya kama shi na gaske. Amma ko a lokacin bai nufi garejin Léon ba. Ya yanka sabon gaskit daga kwalin sukari, ya shiga mayar da kaya yadda ya ga sun dace da juna. Kusar da ta ƙi shiga ya ba ta guduma, wayar da ya rasa gidanta ya ɗaura ta a jikin 'yar'uwarta. Kafin magariba ya rufe murfi. A tasa kuwa an bar kusoshi goma sha ɗaya, da wani ƙarfe mai kama da cokali, da sifirin guda biyu.

"Waɗannan fa?" in ji Hansai.

"Ƙari ne. Turawa suna cika abu don a ce sun yi aiki."

Ran Juma'a tun da sassafe ƙofar gidan Baba Idrisa ta cika. Al'adar mahauta ce in nasu zai dawo daga Makka su taru a ƙofar gidansa, su jera motoci, makaɗan kalangu a gaba, a tafi filin jirgi a ɗauko shi a cikin motarsa. Motoci bakwai suka zo, har da tsohuwar motar garejin Léon, wanda aka roƙa ya ɗauki mata. Duk an bar su a kunne saboda sanyi, ana jiran ta gaba ta tashi.

Salmanu ya fito cikin shuɗiyar riga, an wanke amma kukar ta bar taswira. Makaɗa suka zuga shi, ya ɗaga musu hannu, ya shiga ya zauna. Ya murɗa mabuɗi. Mota ta ce ƙyat. Ya sake. Ta ce ƙyat, daga nan ko wannan ba ta ƙara cewa ba.

"Sanyi ne," ya ce ta taga. "A ɗan tura."

Majiya ƙarfi shida suka tura shi har bakin masallaci, suka juyo da shi, suka sake turawa. A zagaye na uku wani abu ya faɗo daga ƙasa ya gangara cikin kwata, kalangu ya yi shiru. Salmanu ya fito, ya zagaya baya, ya tsuguna ya duba bakin salansa. Ya miƙe ya fuskanci jama'a, don har yanzu da sauran magana a bakinsa.

"Ko ba komai, ku shaida, ɗigar ta tsaya."

"Gawa ma ba ta fitsari," in ji Lukmanu.

Hansai ce ta fito daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi bayan motar farko a layi, ta nuna ƙasa. Ɗis, ɗis, ɗis. Ta ja shi bayan ta biyu. Ɗis, ɗis. Ta uku, ta huɗu, har ta Léon a ƙarshe, kowace salansa na zubar da ruwanta a natse, kowace da ɗan jiƙonta a ƙasa. Jama'a suka bi su a baya kamar masu duba dabbobi a kara, dariya na ƙaruwa daga mota zuwa mota.

Salmanu ya juyo ga jama'a. "Annoba ce. Duk gaskit ɗin garin nan..."

"Misye Salmanu," in ji Léon, "fetur in ya ƙone yana ba da tururi. Da safe salansa da sanyi, tururi ya koma ruwa. In mota ta yi tafiya ta yi zafi, shi ke nan. Kai kuma kullum minti biyar kake ba ta ka kashe, ba ta taɓa yin zafi ba sai ranar miya. Madam ta gaya maka tun ranar farko."

Ya ɗaga murfin bashe ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ne," in ji Salmanu, da ɗan sauran alfahari.

"Ya wanku," in ji Léon, ya rufe a hankali.

Aka tafi filin jirgi ba da shi ba. Alhaji Idrisa, wanda shekara shida bai shiga motar kowa ba, ya dawo gida a motar gareji, a matse tsakanin Léon da buhun tsaraba. Da aka sauke shi, ya amsa gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya taka zuwa rumfa, jama'a na biye. Salmanu na durƙushe a gefen taya ba takalmi, tasar kusoshi a gabansa.

Alhaji ya zagaya motar sau ɗaya. Ya dubi salansa mai ƙyalli, ya dubi busasshiyar kuka a rufin rumfa, ya leƙa tasa.

"Salmanu, minti nawa na ce?"

"Biyar, Baba."

"Ina tsohuwar salansata?"

Dela ta ɗaga ludayin da take zuba ƙullu da shi. "Ga rabinta nan, Alhaji. Sannu da hanya."

"Baba, ruwa ne na ga yana ɗiga..."

"Shekara shida tana ɗigarsa. Tsohuwar a huje take ta ciki, a ƙarƙashin mota yake zuba, ƙasa ta shanye. Kai ka kawo mai ƙyalli ta fito maka da shi fili." Ya juya. "Léon, kwana nawa?"

"Sai an aiko da kaya daga Duwala, patron. Wata biyu, in an yi sa'a."

"Daga Duwala," in ji Alhaji. "Ashe can ma akwai masu gyara."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani dogon carbi mai tuntu kore, irin wanda direbobi ke ratayawa a madubi. Ya juya shi a hannu, kuma a nan ne Salmanu ya ji kunya ta rufe shi, don ya gane tun a Makka tsohon ya yi niyyar cika alkawari.

"Na saya maka wannan don madubi. Karɓi abinka. Na ce in na dawo kai za ka riƙa kai nama kasuwa, kuma ban dawo daga ɗakin Allah don in saɓa magana gaba ɗaya ba. Nama ba zai jira wata biyu ba. Akwai amalanke a bayan gida."

Tun daga Asabar, duk wanda ya yi sammako a Rumde Ajiya zai ga Salmanu ya taso daga mayanka yana tura amalanke, cinyoyin shanu a jibge, carbi mai tuntu na lilo a hannun turawa. Salansar ma tana nan, mahauta sun ɗaure masa ita a gefe da waya, sun ce kayansa ne, kuma Alhaji bai ce a cire ba. Wankin tumbi kuwa bai bar shi ba, sai ya dawo yake yi.

A rana ta uku, hawan da ke gaban teburin shayi ya tsayar da shi yana haki. Léon na zaune yana karyawa, Hansai ta fito da kwanon koko. Lukmanu ya taso a hankali, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin haɓar Salmanu, inda ruwa ke sauka ɗis, ɗis, ɗis a kan riga.

"Iya Dela, auno gwangwani uku! Injiniya na ɗiga!"

"A bar kuka, rake za a sa," in ji Dela.

Salmanu ya share fuska da hannun riga. "Ku rabu da ni, don Allah. Ba abin da ya lalace. Zafi ne ya yi yawa, in an bar shi zai tsaya da kansa."

Léon ya ajiye kofinsa ya tafa sau biyu. Hansai ta miƙa wa mijinta koko.

"Sha, Malam," ta ce. "Yau ka duba daidai, kuma ba ka kwance kowa ba."